Fentin Gemun Direba

Yana tsaka da taje gemunsa, kamar kullum kafin ya fita ɗauko yara daga makaranta, autarsa ta shigo falo ta jera kwalaye uku na rinin gashi a kan tebur. Kowane kwali da hoton saurayi yana murmushi.

Shekara talatin da ɗaya yana jan motar makarantar nan, bai taɓa goga ta da ko katanga ba. Yaran da ya ɗauka suna kuka a ranarsu ta farko, yau su ke miƙo masa nasu 'ya'yan ta ƙofar mota. Sai ga sabon manaja, wanda bai kai babbar 'yarsa shekaru ba, ya kira shi ofis, ko kujera bai nuna masa ba. Wai iyaye in sun ga furfura a bayan sitiyari hankalinsu tashi yake. Ranar Litinin za a duba direbobi, wanda ya yi kama da tsoho a sallame shi. Ba wanda ya gwada idonsa ko hannunsa. Gemu aka gwada, gemun da ya yi fari a hankali, kamar wayewar gari, a bakin aikinsu.

"Baba, wannan lamba ɗaya ne, baƙi wuluk," in ji Auta. "Wannan lamba uku, da ɗan ruwan ƙasa. Wannan kuma wanki biyu ya fita."

"Wanki biyu? Ni da nake alwala sau biyar a rana?" Ya ture kwalin da bayan hannu.

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi. "Malam, ɗauki lamba ɗayan kawai. In za a yi, a yi mai gaba ɗaya. Ni ma in ga angon da aka kawo ni gidansa."

"Ke dai ba ki san mota ba. Tsohuwar mota in ta sha sabon fenti tana walƙiya, kowa ya san hatsari ake ɓoyewa. Mai fentin kirki launin da ya koɗe yake bi." Ya ɗaga lamba uku, ya kalle shi kamar takardar sammaci. "Wannan. Kuma gefen kunne a bar min farina. Yaron nan da aka ɗora manaja ba zai samu duka ba."

Auta ta buɗe takardar ciki. "Sun ce a fara shafa kaɗan a bayan kunne, a jira kwana biyu, ko fata za ta kumbura."

"Ka ji! Kwali ma ya san a gwada kafin a yanke hukunci."

Ba wanda ya yi dariya. Auta ta haɗa ruwan kwalabe biyun da ke cikin kwalin a murfi, wari mai yaji ya cika falon. Ya karkatar da kai, ya rufe ido. Ta ɗiga masa a bayan kunne.

"Baba, in ya kumbura fa?"

"Sai in je masa da farina, ya dubi idona ya faɗa da bakinsa."

Ya duba agogo. Saura minti ashirin a tashi yara, kuma bai taɓa barin ɗan kowa yana jira a bakin ƙofa ba. Ya ɗauki makullin mota, ya gyara hula a kan ɗigon baƙin, ya fita.