Saƙon da Na Karanta wa Yaya

Tsakanin gidana da gidan Yaya akwai wata 'yar kafa a jikin katanga, sai mutum ya sunkuya yake wucewa. Yaya ba 'yar'uwata ba ce ta jini. Maƙwabciya ce da ta girme ni, a unguwar nan ta Bagudo na tarar da ita ranar da aka kawo ni. Ita kuma Malama take ce mini, tun lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci furfura ta riga ta fara fito mini. Da tsokana ta fara, sunan ya zauna.

Sana'armu gumi. Da kaka mukan sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, mu jibge a ɗaki mu jira. Sai bazara ta yi nisa, rumbunan mutane sun yi ƙasa, sannan mu fito da ita kaɗan kaɗan, mu jiƙa ta kwana, mu turara a rabin duro, mu shanya, a kai inji, ranar kasuwa mota ta kai mana Lolo, can bakin iyaka. Duk ribar a cikin jiran take. Wadda ta sayar da wuri ta yi wa wani ajiya ne kawai.

A tsakar gidana muke aikin, don ya fi faɗi. Bayan rasuwar maigidana, yaran kuma kowa ya kama gabansa, muryar Yaya ce muryar da nake fara ji da safe. Takan leƙo ta kafar ta ce, “Malama, an tashi lahiya? Ko karatu ya hana barci?”

A shekarar da nake magana, Yaya ta tara shanshera fiye da yadda ta saba, don ɗakinta na zuba. Rufin ƙasa ne, azarar ta tsufa, duk damina sai ta jera kwanoni da robobi a ƙasa. Ɗanta ɗaya ne, yana can ƙetare a ƙasar Benin yana fama da nasa iyalin. Ta ce bana ko mene ne sai ta sa kwanon rufi kafin ruwa ya sauka. Har ta kira kafinta ya auna ɗakin.

A shekarar ce kuma ɗiyata da ke aure a Birnin Kebbi ta kawo mini waya mai shafawa. Ta nuna mini yadda ake sa data, ta sa ni a guruf ɗin matan da muka yi aji tare. Gidan ba ya kama sabis sai a gindin darbejiyar tsakar gida, nan na ajiye kujerata.

Wata hantsi muna juya shinkafa a shanya, saƙo ya shigo. Hoton jiragen ruwa ne da buhuna tsibi tsibi, a ƙasa ga layukan lambobi, a sama ga hatimi zagayayye irin na takardun ofis. An rubuta da Hausa cewa shinkafar waje na nan shigowa ba iyaka, farashi zai faɗi warwas kafin wata ya mutu, duk mai ajiya ya fitar da ita tun bai yi kuka ba. A ƙarshe aka ce a tura wa 'yan'uwa don Allah.

Na karanta wa Yaya a hankali, da yatsana a ƙarƙashin kowace kalma, yadda aka koya mana. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Karatuna ne yau zai tsare mu daga asara.

Yaya ta daina juya shinkafar. Ta ce, “Wa ya hwaɗi?”

Na ce, “Ga hatimi nan.”

Ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da fuska, ta dubi hatimin ta miƙo mini. “Ni dai direbobi ba su ce komi ba. Dandawan da ka zakkuwa saye ma, makon jiya rububi sunka yi.”

Haka Yaya take sanin kasuwa tun kafin a san waya. Takan tambayi direbobi, ta saurari matan Dandawa da ke tsallakowa daga Benin da kuɗin sefa, ta dubi yadda kogi ya cika ko ya janye daga fadama. Ni kuwa sai na ce mata direba iyakarsa Lolo, wannan daga sama ya fito.

Abin da ya sa na ce haka, na daɗe ina juya shi. A aji, abin da malamarmu ta rubuta a allo shi ne daidai, mu ne masu kuskure. Katin asibiti bai taɓa yi mini ƙarya ba, katin zaɓe ma haka. Duk rubutun da na taɓa gani mai hatimi gaskiya ne. Baki na sani yana ƙarya. Ban san rubutu ma yana yi ba.

Yaya ta ci gaba da juya shinkafar, ta ce, “To, tun da a rubuce yake.”

Ko gumin ba mu tsaya yi ba. Muka shirya mu fitar da shansherar yadda take, tawa da tata, ranar kasuwa mai zuwa. Da motar ta zo ta riga ta ɗauko kaya daga Bahindi, direban ya ce wurin da ya rage ba zai ɗauki na mutum biyu ba. Na ce a sa na Yaya, ita ce mai larura, nawa ya jira mako mai zuwa. Ta yi ta sa mini albarka. Ta tafi ta sayar duka.

Mako mai zuwa farashi bai faɗi ba. Ya ɗan ɗaga. Na ce bari in ga wani makon. Ya ƙara ɗagawa. Jiragen ruwa ba su zo ba, ba wanda ya ƙara jin labarinsu. Kwanon rufi kuwa ya yi tsada ya bar abin da ke hannun Yaya a baya. Kafinta ya zo ya duba, ya ce ko rabin ɗaki ba zai rufe ba, ya tafi.

Buhunana suna nan a ɗaki, kullum darajarsu na ƙaruwa. Duk unguwa ta san haka.

Yaya ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da na samu sauƙi. Leƙowar safe ce ta koma sallama daga bayan katanga, sannan sallamar ta koma tari da motsin tsintsiya. Wata rana na ga an jingina tsohon faifai da guntun tabarma a bakin kafar daga ɓangarenta. Da muka haɗu a gidan suna na tambaye ta, ta ce awaki ne ke shiga mata. Wata mata a wurin ta ce, “Masu karatu ai sun san ranar sayarwa da ranar ajiyewa,” aka yi dariya. Yaya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce a'a ba.

Na kira ɗiyata na gaya mata. Na tura mata saƙon. Bayan la'asar ta kira ni.

“Inna, hoton nan tsoho ne. Na same shi a wani labari na shekarun baya, ba ma ƙasar nan ba ce. Hatimin kuma ba na kowace hukuma ba ne, kowa zai iya zana shi a waya.”

Na ce, “To don me mutum zai zauna ya zana?”

“Wani wasa yake. Wani kuwa so yake ku sayar da araha ya saya.”

Ta turo mini tsohon labarin, ta zagaye kwanan watan da jan layi. Ɗan ƙaramin rubutu ne a gefe. A saƙon da na karanta wa Yaya babu kwanan wata ko ɗaya, kuma ban lura babu ba.

Daga nan na shiga wani karatun, ni kaɗai a gindin darbejiya. Ɗiyata ta nuna mini shafin hukumar da ke tattara farashin kayan abinci, da na wasu gidajen labarai da ke sa sunan wanda ya yi magana da ranar da ya yi. Yawanci da Turanci ne, Turancina kuwa bai wuce gaisuwa ba. Na ɗauko tsohon littafina na aji, na kwafe sunayen watanni, da yadda ake rubuta shinkafa da gero da sunan jiharmu. Nakan yi rabin yini ina neman layi ɗaya. Data ta ƙare, in jira. Sabis ya ɗauke, in tashi in zagaya bishiyar da waya a sama, kamar mai kiran kaji.

Abin da na gano ya ba ni mamaki. Shafin gaskiya ba ya ihu, ba ya cewa a tura wa kowa. Farashin watan da ya wuce yake faɗa, da kilo ba da mudu ba, na jiha gaba ɗaya ba na Lolo ba. Game da gobe kuwa ba ya yin rantsuwa. Na koyi in nemi wanda ya faɗa, in nemi ranar, in ga ko wani wuri na dabam ya faɗi haka. Sai na tuna tambayar farko da Yaya ta yi mini ke nan, wa ya hwaɗi, ita da ba ta san baƙi ko ɗaya ba.

Na iya, amma ba mai tambayata. Nakan gama dubawa in ɗaga kai in faɗa wa wani, sai in ga kafar a toshe. Duron gumi ya yi tsatsa a gefe. Gumi ba aikin mutum ɗaya ba ne, ko sauke shi daga wuta sai hannu huɗu.

Ruwan farko da rana ya sauka, bayan azahar. Ina ɗaki ina jin ƙarar robobi daga gidan Yaya, tana jan wannan tana tura wancan. Na yafa buhu a ka, na ture faifan da tabarmar na sunkuya na shiga. Na tarar da ita ta naɗe katifa ta ɗora a kan akwati, ruwa na ɗiga wuri biyar ko shida.

Na ce, “Yaya, saƙon nan ƙarya ne. Ni na karanta miki, ni na ce direba bai sani ba. Wallahi ban san ƙarya ba ne.”

Ta matsar da wata roba da ƙafa. “Na sani.”

“Kin sani?”

“Ke da ko awon mudu ba ki iya danne hannu ba, ina za ki iya wagga dabara? Kunya ce, Malama. Ni da hurhurata na bar abin da idona ya gani na bi hoto. In na dube ki sai in tuna.”

Na ce ta ɗauki rabin buhunana a rufe ɗakin. Ta ce ba ta ci. Na yi magiya, ta ce in na sake faɗa za ta mayar da faifan. Abin da ta yarda da shi kawai, a kai akwatinta da katifa ɗakin yarana da ke rufe ba kowa. Muka kinkima mu biyu cikin ruwa, ta kafar nan, tana yi mini faɗa wai ban iya ɗaukar kaya ba.

Daminar nan a gidana ta yi ta. Mun yi gumin shansherata tare, ta karɓi ladan aikinta kamar yadda ake ba kowa, ba ta yarda na ƙara ko mudu ba. In saƙo ya shigo guruf sai ta ce, “To Malama, yau jirgi nawa?”

Cikin watan takwas bangon ɗakinta na gabas ya zauna. Da kaka ɗanta ya zo ya duba, ya ce ba zai bar uwarsa a gidan mutane ba, ya tafi da ita ƙetare. Ba nisa ba ne, in ka je Lolo kana iya hango ƙasarsu. Amma ƙafafuna ba na hawa babur ba ne yanzu.

Gidan nata a rufe yake. Kafar na nan, ban toshe ba, awakin unguwa ne ke bi.

Wani lokaci, jajibirin kasuwa, takan sa ɗanta ya kira ni. Ba ta doguwar gaisuwa, don kiran ƙetare na cin kati. “Malama, mi wayarki ta ce?”

Sai in gaya mata abin da na gani, da wanda ya faɗa, da watan da aka faɗa. In ce mata na gobe kuwa ba a rubuta ba.

“Awo,” in ji ta. “Bari in tambayi direba.”

Sai layin ya katse, in zauna da wayar a cinya har inuwar darbejiya ta kai bakin duron.