Ƙofar da Yaya Ishaƙa Ya Bari a Katanga

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai wana, Yaya Ishaƙa, makwancinsa. Ni ba mai yawan karatu ba ne, kuma ban iya yabon mamaci ba. Abin da na sani zan faɗa.

Aikinsa gyaran gidaje ne a nan Gadarif. Wanda ya san baƙar ƙasarmu ya san halinta: da rani ta dare har ka zura hannu, da harif, wato damina, ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga gini. Idan mutum ya kira shi gyara, ba ya fara kallon ɗaki. Tsakar gida yake zagayawa, ya tambaya ina ruwan sama ke bi. Yakan hana a taɓa sabon gida sai an ci harif guda a cikinsa. Kada ka dasa bishiya jikin bango, kada ka bar ruwan wanka ya kwanta a gindin gini, kada ka cusa siminti a tsagar rani, domin ƙasa za ta rufe bakinta da kanta ta fasa maka wani wurin. Iyakar karatunsa ke nan, kuma ya ishi mutane da shi.

Da muka raba filin mahaifinmu, shi ya ja katanga tsakanina da shi. Ya bar ƙaramar ƙofa a tsakiya, irin wadda ake kira naffaj, ya kuma fasa hanyar ruwa a ƙarƙashinta. Gidansa ya fi nawa tudu, don haka duk ruwansa ta tsakar gidana yake ratsawa ya fita titi. Mun sha faɗa a kan wannan. Na ce ya mai da ni magudana. Ya ce, “Haruna, ruwan nan tun kafin a haife mu ta nan yake bi. Ka tare shi, ya ci katangar mu biyu.” Ban taɓa gamsuwa ba, har ya rasu.

Bana ɗansa Bashir, mai lori a hanyar Doka, ya samu buɗi ya tashi gyaran gida. Na yi murna, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai na ga an jibge bulo a bakin naffaj. Banɗaki zai yi a wurin, ya shimfiɗa balat, wato tayil, a tsakar gida, ya juya ruwa ta wata kusurwa. Gaskiya, da an yi hakan da na huta da taɓo.

Amma uwarsa, Hajja Zainab, gwiwoyinta sun gaji. Tun rasuwar Yaya, kullum da safe ta wannan ƙofa take lallaɓowa ta sha jabana, gahawarmu ta nan, da matata. Idan aka toshe, sai ta zagaya ta titi, kuma titinmu da harif ko jaki tunani yake kafin ya shiga. Wata da watanni za ta yi a ɗaki ita kaɗai. Ba za ta yi magana ba, ba ta son rage wa ɗanta farin ciki.

Na sami Bashir yana awo. Ya ce, “Ya ammi, baffana, ai kai ka fi kowa ƙorafin ruwan nan.”

Na ce, “Ƙorafina ne, ka bar mini abina. Uwarka ta ina za ta bi?”

Ya naɗe igiyar awonsa. Banɗakin ya koma bayan ɗakin girki, inda ya fi matsi, kuma har yau Bashir yana mita.

Ina tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga unguwar yanzu. Kowa ya ɗaga katanga, kowa ya cika gidansa da ƙasa don ya fi maƙwabci tudu, ruwa ya rasa hanya ya koma ɗakin wanda ya fi talauci. Mai shirin gyara, kafin ka sayi bulo, ka tsaya a tsakar gidanka ranar ruwa ka ga inda yake zuwa, ka kuma duba wa ke bi ta inda za ka toshe.

Yawancin ɗakunan da Yaya ya gina an rushe su, an yi na zamani. Wanda bai rushe ba ya tsage. Abin da ya saura nasa shi ne wurin da ya ƙi sa bulo. Jiya an yi ruwa, tsakar gidana ta cika da taɓo kamar kullum, da safe na ga sawun sandar Hajja a ciki.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ruwanka na nan yana bi ta gidana.