Yadda Muka Kai Baba Wurin Likitan Ƙashi

Kowace al'umma tana da abin da ta yi wa kanta alkawarin ba za ta manta ba. Wasu yaƙi ne, wasu yunwa, wasu faɗuwar daular da aka zaci ba ta faɗuwa. Na karanta irin waɗannan a makaranta, na ci jarrabawa a kansu, yawancinsu kuma sun riga sun fice mini daga kai. Abin da na tabbata zan shiga kabari da shi shi ne yadda gidanmu, gidan da bangon falonsa ya cika da hotunan masu rigar kammala jami'a, ya ɗauki dattijon da fitsari ya ƙi fita masa ya kai shi wurin likitan ƙashi, cikin ladabi da cikakken bin ƙa'ida.

Dattijon mahaifina ne. Ya yi ritaya yana darakta a wata ma'aikata, ya dawo gidansa na Kawo da hula ƙube da kalma ɗaya da ya shafe rayuwar aikinsa yana faɗa wa masu neman alfarma: a biyo ta hanyar da ta dace. Don haka da na sa shi a inshorar lafiya, aka ce mana ba mai ganin babban likita sai likitan ƙaramin asibiti ya duba shi ya rubuta masa takardar turawa, Baba ne kaɗai mutumin da na sani a Kaduna da wannan doka ta faranta wa rai. Cewa ya yi ashe har yanzu da sauran masu hankali a ƙasar nan.

Kowa a gidan ya san abin da ke damunsa. Ba sai an yi karatun likita ba, buta ma ta isa shaida. Ya shiga banɗaki ya daɗe, ya fito da fuska irin ta wanda aka tsallake a ƙarin girma, kafin ya zauna sosai ya sake miƙewa. Ya daina shan shayi. Ya daina zuwa masallacin Juma'ar da ya saba, ya koma na bakin layi. Hajiya, mahaifiyarmu, ta sani. Ni ma na sani. Sai dai ni ne ɗan fari, wanda tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Wannan yaron" nake har yau, da furfurata da komai. Hirarmu ba ta wuce tsadar mai, ɗauke wuta da lalacewar aikin gwamnati. Duk abin da ke ƙasa da cibiya ba ya cikin manhajarmu.

Ƙannena suka yi taro ta waya, daga Abuja, Legas da ƙasar waje, suka yanke hukunci mai cike da hikima: tunda ni ne babba, ni zan kai shi asibiti, kuma lallai in shiga ɗakin likita tare da shi don kada ya ɓoye komai. Mutum biyar masu digiri suka duba duniya kaf, suka zaɓo mutum ɗaya da Baba ba zai taɓa buɗe baki a gabansa ba, suka ce shi ne ɗan sa ido.

Ƙaramin asibitin yana kan hanyar Mando. Likitar da muka tarar yarinya ce sa'ar autarmu, ta russuna ta gaishe shi, ta tambayi abin da ke tafe da shi. Baba ya dube ta, ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi fanka kamar ita ma yana tsoron ta kai labari gida.

"Baya ne, 'yata," in ji shi. "Nan ƙasa-ƙasa."

Gaskiya ta yi aikinta. Ta tambayi barci, ta tambayi cin abinci, sannan ta ce, "Fitsari fa, Baba, yana fita daidai?" Ya ce alhamdu lillahi. Ta juyo ta dube ni, ta tarar na duƙufa ina nazarin wani hoto a bango da ke koyar da wanke hannu, kamar gobe za a yi mini jarrabawa a kai. Ta ce ya kwanta ya ɗage riga ta taɓa cikinsa, ya ce ba sai an wahalar da ita ba, ai ciwon a baya yake. Ta danna bayan, ya yi nishi, kuma nishin na gaskiya ne, don mutumin da mararsa ta cika ko kafaɗarsa ka taɓa zai yi nishi. Ta ba da magani. Muka koma ba sauƙi, sai ta rubuta takardar tura shi wurin likitan ƙashi.

Daga nan tsari ya karɓi aiki. Aka kai takardar teburin inshora a jira izini. Izini ya fito, muka nufi babban asibiti, aka buɗe sabon kati, aka ba mu rana can gaba. Baba ya aika aka sayo masa sabon fayil, ya huda kowace takarda ya ɗaure da igiya, ya sa wa shafukan lamba da jan biro. Rabon da in gan shi cikin nishaɗi haka tun yana aiki.

Likitan ƙashin ƙwararre ne, babu shakka. Takarda ta ce baya, shi kuma ya dubi baya da duk ilimin da Allah ya ba shi. Aka ɗauki hoto, aka kuwa samu abin gani, domin na gane daga baya cewa duk wanda ya haura saba'in aka haska ƙashinsa ba a rasa abin nunawa da bakin biro. Ya ce ƙasusuwan sun ɗan goge. Ya rubuta a riƙa yi masa gashin baya, da ƙwayoyin rage zafi, da wata faffaɗar ɗamara da za a riƙa tamke masa ƙugu da ita. Haka muka sayi ɗamara muka ɗaure wa mai cikakkiyar mara, muna ja yana cewa madalla.

Wani abin ma, Baba ya samu ciwon da ake iya faɗa a masallaci. Masu dubiya suka yi ta zuwa suna tambayar ya bayan, yana amsawa da bayani dalla-dalla, har da fito da hoton a ɗaga shi a hasken taga. Wani ya kawo man shafawa, wani ya ba da labarin mai ɗori da ya sani a hanyar Zariya. Ciwon baya ya zama ɗan gida, yana da fayil, yana da masu gaishe shi.

Ainihin ciwon kuwa bai jira izinin kowa ba. Ƙafafun Baba suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga. Abinci ya fita ransa, yana zaune sai gyangyaɗi. Tafiya daga Kawo zuwa asibiti ta koma sai mun tsaya a kowane gidan mai, wai zai duba wani abu a baya. Ni kuma in zauna a mota ina murɗa rediyo, ina nuna ban san abin da ake dubawa ba.

Hajiya ce ta ga abin zai kai mu inda ba a dawowa. Ba za ta iya faɗa mini ba, ba za ta iya zuwa ta faɗa wa likita a gaban mijinta ba. Sai ita ma ta tura maganar wurin ƙwararriya. Ta aika Rafin Guza a kira mata Goggo.

Goggo 'yar kawun Baba ce, wato taubashiyarsa, tana sayar da atamfa a zauren gidanta. A al'ada ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka bawanta ne, kuma ba ta taɓa yarda daraktanci ya 'yanta shi ba. Ita kaɗai ce a duniya take iya faɗa masa duk abin da ya zo bakinta, ya yi tsaki ya haƙura. Ta zo ana gobe za mu koma asibiti, suka shige kicin da Hajiya suka turo ƙofa. Da ta fito ta sanar cewa da ita za a je, tana so ta ga yadda ake gasa mata bawa.

A mota Baba ya tambayi iska wa ya gayyato wannan matar. Ta ce bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa dalilin fita. Ya ce da kuɗin atamfarta ko akuya ba za ta iya saya ba balle darakta. Ta ce ai gado ta ci, ba saye ta yi ba, da saye ne da ta zaɓi mai lafiya. Da muka tsaya a gidan mai na biyu, ta bi shi da kallo har ya ɓace. Kallon nan ya fi bakinta ba ni tsoro.

A ƙofar likita nas ta ce mutum ɗaya ake bari ya raka majiyyaci. Goggo ta ce ita ce mai shi, ta wuce. Ni ma na bi su a matsayin mai riƙe fayil. Likita ya ce, "Baba, ya bayan?" Baba ya ce da sauƙi.

"Likita, kada ka biye masa," in ji Goggo, tana gyara zaman mayafi. "Bayansa ya fi naka lafiya. Fitsari ne ya ƙi fita, sai ɗigo-ɗigo kamar famfon unguwarmu. Tun kafin azumi yake fama. Dubi ƙafarsa." Sannan ta juyo gare ni. "Kai kuma tashi ka ba mu wuri. Tun farko zamanka ne ya toshe shi."

Na fita na zauna a benci, fayil a cinya. Ta cikin ƙofa ina jin muryar Baba ƙasa-ƙasa, yana magana mai tsawo, irin tsawon da bai taɓa yi da ni ba. Da likitan ya fito fuskarsa ta canza. Ya ce mara ta kumbura tamkar tulu, a wuce da shi sashen gaggawa yanzu. Aka sa masa roba aka zuƙe abin da ya taru. Gwajin jini ya nuna ƙodojinsa sun fara jigata, ƙwayoyin rage zafin da muke ba shi a kan lokaci kuma suna taya su. Aka ce da mun ƙara jinkiri da sai wankin ƙoda, wataƙila har ƙarshen rayuwarsa. Sanadin duka wata tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara da kan kumbura wa maza idan girma ya zo, abin da rabin sahun gaba na masallacinmu ke fama da shi, kowa yana cewa baya.

Ofishin likitan mafitsara yana kan baranda ɗaya da na likitan ƙashi. Daga inda nake tsaye ina hango ƙofarsa. Amma izinin da muke da shi na baya ne, don haka sai an koma ƙaramin asibiti an rubuto sabuwar takarda, an sake jiran sabon izini. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai Baba, yana kwance da jakar fitsari a ƙarƙashin babbar riga, ya ɗaga hannu. "Daidai ne," ya ce. "Haka tsari yake."

Muka koma hanyar Mando. Wannan karon a mota na zauna, Goggo ta shiga da shi. Likitar ta biyo su waje da takardar, ta leƙo ta tagar motar ta ce mini, "Yaya, na fa tambaye shi ranar nan." Na ce na ji lokacin da ta tambaya. Ta ce daga yanzu duk dattijon da ya shigo mata, sai ta fara tambaya wane ne ɗan fari a cikin 'yan rakiya, ta nuna masa benci. Aka yi wa Baba aiki, ƙodojin suka farfaɗo, takalmi ya koma shiga. Goggo ta ce yanzu bautar ta zama biyu, ta gado da ta ceto.

Abin da na koya shi ne, duk wannan dogon tsani na likitoci, daga ƙarami zuwa ƙwararre, a kan jimla ɗaya aka kafa shi, wadda majiyyaci ya furta a teburin farko. Takarda ba ta ɗaukar abin da baki ya ƙi faɗa, ƙwararre kuma inda aka nuna masa yake dubawa. In za ka kai dattijo asibiti, kafin ka nemi kati ka nemi wanda ke iya yi masa rashin kunya da izinin al'ada, taubashi ko jika ko tsohon aboki. Ɗan fari ya tuƙa mota, ya tsaya nan.

Ni da Baba ba mu taɓa tayar da maganar ba. A masallaci an san aikin baya aka yi masa. Likitan ƙashi kuwa cikin rikicin ranar nan bai rubuta sallama ba, Baba kuma ba ya barin fayil a buɗe. Talatar nan ma yana da gashi, ni zan kai shi. Masu gashin sun ce bayan yana samun sauƙi.