Ba Za A Ƙona Sojojin Mutari Ba

Mutari ya rasu.

Da safen nan labarin ya riske ni a Olelewa, ina tsakiyar garken tumaki da allura a hannu, muna rigakafi. Lawali, direban ma'aikatarmu, shi ya amsa wayar. Na ga ya juya mini baya ya daɗe. Da ya juyo sai ya ce, "Habu, ajiye allurar nan mu koma Tanut."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamdu lillahi mun samu jana'iza. Na kama makara, na zuba ƙasa da hannuna. Yanzu ina zaune a ƙofar gida, jikina duk a mace, amma sai na rubuta wannan saboda abin da na ji yau a maƙabarta, da abin da ya faru a gidan makoki.

Ga wanda bai san shi ba, Mutari abokin aikina ne a ma'aikatar kiwo, likitan dabbobi. Ya daɗe yana aiki a Belbeji kafin a dawo da shi Tanut. Ku tambayi makiyayan kwarin Tarka, Fulani da Buzaye, ko akwai rijiyar da babur ɗinsa bai je ba.

Da yawanku kuma da hotunan da yake sakawa a wannan shafin na sada zumunta kuka san shi. 'Yan ƙananan sojojin roba, ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, dukansu ƙwarangwal ne, wani da mashi, wani da baka, wani da garkuwa. Shi yake musu fenti ɗaya bayan ɗaya.

A kansu ake maganar. To ni ma a kansu zan yi tawa.

Asalin abin, an taɓa tura shi wani horo na 'yan watanni a Turai. Abokan tafiyarsa suka dawo da wayoyi da agoguna. Shi ya dawo da kwali cike da ɓaraguzan roba, da 'yan kwalabe na fenti, da buroshi masu siririn baki kamar gashin ido. Mun yi masa dariya har muka gaji. Ya bar mu muka gama, sannan ya shimfiɗa tebur a zaurensa ya koya mana wasan.

Wasa ne na yaƙi, kowa da rundunarsa. Ana auna tafiyar soja da metir ɗin tela, a jefa ƙwayar lido a ga ko mashi ya samu ko ya kuskure. Tudun da ke kan teburin da kwali ya yi shi, ya shafa gam ya barbaɗa rairayin Tarka da ya ɗebo a leda. Ba a taɓa ɗora ko dala a kan teburin nan ba. Wanda aka ci shi ke dafa shayi, kuma yawanci ni ne.

Amma fentin shi ne ransa.

Zai fara shafe sojan da ruwan ƙasa. In ya bushe ya tsinka baƙin fenti da ruwa ya zuba, ya gangara tsakanin haƙarƙari da ramin idanu. Daga nan ya tsoma buroshi a fenti mai launin madara, ya goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, ya riƙa shafawa sama-sama. Kana kallo ƙasusuwan za su fito ɗaya-ɗaya.

Na taɓa ce masa ya shafa fari kawai mana ya huta. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce ni da nake wuce mushen raƙumi a daji kullum, ban taɓa juya ƙashi na duba ba? Gefen da rana ke duka ne fari, gefen da ke kwance a ƙasa ja-ja yake kamar shayi da madara. Tun ranar ban ƙara wuce ƙashi a hanya ban tuna da shi ba.

Lokacin zafi fenti na bushe masa a bakin buroshi kafin ya kai ga sojan. Sai ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a faranti, ya ɗora takarda, a kanta yake dama fentin. Wasu daga cikin sojojin har rawani ya naɗa musu da zare, ya rina shi shuɗi irin na Buzaye. Wai ba zai yiwu soja ya ratsa Damargu da kai a buɗe ba, ko da ƙoƙo ne kawai ya rage masa.

Mutumin ke nan.

Lokacin da aka fara tura ni Belbeji ban san kowa ba. Shi ya sauke ni a ɗakinsa, ya bar mini katifa ya koma tabarma, ya ce shi dama bayansa ya fi son ƙasa. Sai daga baya na gane ƙarya yake yi don kada na ji nauyi.

Da 'yata Nana ta rasu, na daina fita. Mutane suna zuwa suna ba ni haƙuri, ina amsawa da baki kawai. Mutari bai ce mini komai ba. Kullum bayan la'asar zai zo da kayansa ya zauna kusa da ni yana aikinsa. Wata rana ya miƙo mini buroshi da wasu 'yan duwatsu na kwali ya ce yana bukatar taimako. Ku lura, bai kawo mini ƙwarangwal ba a lokacin, yana da hankali. Duwatsu da itatuwa ya riƙa ba ni. A kan duwatsun nan na fara iya zama awa guda ban yi kuka ba.

Wannan shi ne mutumin da yau, ana cikin haƙa kabarinsa, na ji wani a bayana yana raɗa wa ɗan'uwansa cewa ai dama abubuwan nan nasa ne suka ci shi.

Na san muryarka. Ba zan kira sunanka ba. Amma ka tuna wanda ya bar abincinsa ya je ya ciro wa saniyarka maraƙi da ya zo a karkace.

Maganar ba yau ta fara ba. Da farko cewa aka yi babba da gemu yana wasan yara. Daga nan aka ce caca ce. Da aka rasa abin kamawa sai aka ce tsafi ne, wai yana ajiye da matattu a zaure yana ba su umarni.

Da ciwon ƙoda ya kama shi, ya fara zirga-zirgar Damagaram wankin ƙoda yana ramewa, sai masu magana suka samu abin da suke nema. Wai ku duba, ya fara kama da su. Wasu maƙwabta suka daina shiga wurin matarsa Balki. Wasu suka hana 'ya'yansu wasa da nasa.

Duk ya ji. Bai ɓoye ko soja ɗaya ba, bai rufe ƙofar zaure ba. Sai ma ya ƙara saka hotuna.

Ga masu shirin shigo mini comment da fatawa a kan siffofi: shi ma ya yi tambaya, ba sau ɗaya ba. Malamai sun ba shi amsa iri-iri, ya ɗauki wadda zuciyarsa ta natsu da ita. In an gama wasa yana kwashe su ya rufe a akwati, bai taɓa jera su a ɗaki don ado ba, in an kira salla kuma shi ke fara tashi daga teburin. Wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa, kuma yau ya isa gare Shi. Kana iya ganin abin bai dace ba, ra'ayinka ne. Amma ka ce musulmi matsafi ne ba ka gani ba, wannan ƙazafi ne, kuma za ka maimaita shi a gaban Allah.

Ganina da shi na ƙarshe, ranar Juma'a ce kafin mu fita rigakafin nan. Na same shi kishingiɗe a zaure, riga ta yi masa yawa. Ya ɗaga ta ya nuna mini ƙirjinsa yana dariya, ya ce yanzu ba sai ya duba hoto ba in zai yi fentin haƙarƙari, samfur na nan a jikinsa. Na kasa dariyar.

Na ce masa ko za mu ɗan jingine wasan har ya samu sauƙi, ko bakin mutane ya lafa. Ya ce, "Habu, mutanen nan tsoron ƙashi suke yi, alhali kowa da nasa yake yawo a cikin riga. Ni ba ya ba ni tsoro. Tuna mini yake."

Ya ce in na dawo yana da sabuwar dabarar da zai ci ni da ita, in zo da sukarina. Muka yi sallama a kan haka.

Yau bayan an dawo daga maƙabarta, ana zaune ana karɓar gaisuwa, sai Baffa Ila ya sa aka kira ni zaure. Ƙanen mahaifin Mutari ne, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya sa shi lakwal, wato makarantar boko. Idanunsa sun yi ja. Ba mugu ba ne, tsoho ne da ya binne ɗansa, kuma an cika masa kunne.

Ya ce ni na san inda akwatunan sojojin suke, in fito da su. An riga an aika a sayo kananzir. Ba ya so su ƙara kwana a gidan da marayu suke.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yi mini aikin gafara. Duk abin da ka sa ni yau zan yi, ban da wannan."

Ya ce to in ba zan yi ba akwai masu yi. Wasu biyu har sun miƙe.

Sai muka ji motsi a ƙofar da ke shiga cikin gida. Balki ce, tana bayan labule, ba ta fito ba. Ta gaishe da Baffa, muryarta a dishe saboda kuka.

Ta ce, "Baba, tun da ciwon nan ya yi nisa hannun maigida rawa yake, ko kofi ba ya iya riƙewa da kyau. Duk sojojin da ya saka hotonsu a shekarar nan, ni na yi musu fenti. Yana kwance yana gaya mini inda zan sa kowane launi, ina shafawa. Shi ne kaɗai lokacin da yake manta ciwo. In tsafi ne, to ni ce matsafiyar. Sai a fara da ni."

Wallahi ban sani ba. Ni da nake zuwa gidan kusan kullum, ni da nake yaba masa cewa hannunsa ya ƙara faɗawa, ban sani ba.

Waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna a hankali.

Baffa Ila ya sunkuyar da kai. Ya tambaye ta, da murya ƙasa-ƙasa, ko da gaske yana samun sauƙi in ana yi. Ta ce har barci yake yi. Tsohon ya share fuska da bakin rawaninsa, ya ce kayan nata ne da 'ya'yanta, a rufe akwatunan a bar su inda suke. Ya tashi ya koma wurin masu gaisuwa.

Ban ce ya gamsu ba. Ban ce garin ya gamsu ba. Gobe ma za a yi magana a tasha da bakin kasuwa, na sani. Amma kananzir ɗin nan da aka sayo, sai dai a zuba shi a fitila.

Kuma ku ji da kyau. In an share makoki, Balki ta ba da izini, zan ɗauko teburin nan in kafa shi a ƙofar gidana, a fili, da rana tsaka. Ni da Lawali za mu jera sojojin mu yi wasa. Duk mai son ganin tsafin ya zo ya gani da idonsa, akwai benci, akwai shayi. In ka zauna za mu ba ka runduna mu koya maka. In ba za ka zo ba, ka cire sunan Mutari daga bakinka, ka bar matarsa ta yi takabarta lafiya, ka bar 'ya'yansa su fita wasa kamar 'ya'yan kowa.

Ya Allah, ga bawanka Mutari nan ya zo maka. Ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka gafarta masa abin da ya yi kuskure, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka ba Balki ƙarfin zuciya, Ka raya abin da ya bari, Ka sanyaya zuciyar Baffa Ila. Mu kuma Ka kyautata namu zuwan.

Wanda duk ya karanta har nan, ko ka san shi ko a hoto kawai ka san sojojinsa, ina roƙonka ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka ambace shi a sujadarka ta gaba. Har kai mai raɗa a maƙabarta, in ka yi masa addu'a na san da ya yafe maka.