Yaya Dauda rewaya da tastan da ya zaɓar mini

Ko shayina ban shanye ba da safen nan sai ga waya daga unguwar Ogba. Wai Yaya Dauda ya rasu bayan asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na daɗe zaune da wayar a hannu, na rasa wa zan fara kira.

Matasan Agege da Baba Dauda suka san shi, tsoho mai farar hula. Ni kuwa na san shi tun cikin shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya shigo, motoci suka cika Legas. Dukkanmu rewaya ne, masu gyaran wutar mota. Rumfata na bakin layin dogo, shi kuma ya baro aikin lantarki a wajen gyaran jiragen ƙasa a Ebute Metta, ya zo ya kafa tasa a tsallaken titi, muna kallon juna.

Gaskiya ban so zuwansa ba. Har suna na sa masa, Mai Littafi, don kullum yana buɗe littafin mota kafin ya taɓa ta. Sai da muka kusa shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma shi ke fara ta.

Wata rana wani Alhaji dillalin nama a abbatuwa ya kawo mini sabuwar motarsa, tana fizga in ta yi zafi. Na ce kwayil ne, abin nan da ke haifar da tartsatsin da fulogi ke tada inji da shi. Ban kula ba ashe irin sababbin nan ce masu ɗan akwatin lantarki a gefen kwayil. Na yi yadda na saba. Na zare babbar waya, na riƙe ta nesa da jikin inji ina jiran tartsatsi. Na kuma ɗauko tastana na gwada wuta, wanda na haɗa da ƙwan fitilar babbar mota, na dinga soka shi ko'ina.

Motar da ta zo da ƙafarta ta ƙi tashi ƙememe. Na ƙone akwatin.

Alhaji ya tafi masallaci, ya ce zai dawo bayan la'asar. Rabin kwastomomina mutanen abbatuwa ne. In ya koma ya ce Isa ya kashe masa sabuwar mota, sai dai in tattara in koma garinmu.

Ina tsaye gaban motar sai na ga Yaya Dauda ya tsallako. Ya leƙa bonet, ya shinshina akwatin, ya dubi tastan da ke hannuna.

Ya ce, "Malam Isa, rufe rumfa mu je Ebute Metta."

Shi ma ya rufe tasa, da mota biyu na jiran sa.

A cikin molue, babbar bas ɗin nan ta Legas, a tsaye, ya yi mini karatun da ban taɓa samu ba. Ya ce, "Tartsatsi in bai samu inda zai sauka kusa ba, ciki yake komawa ya yi ɓarna. Shi kuma ƙwan fitilarka mayunwaci ne, wutar da yake ja ta fi ƙarfin ɗan akwatin nan."

Mun sami akwatin a shago na huɗu. Ina ta sauri mu juya, ya ce saura tasta. Mai shagon ya zube mana kala-kala, ni na cafki mafi girma mai ƙyalli. Yaya ya karɓe ya ajiye. Ya juya Yarbanci da mai shagon, don shi haifaffen Agege ne, har aka fito da wani ɗan siriri daga ƙasan kanta. Ya ce in duba abu uku: ƙwansa ƙarami ne, ba ya jan wuta; bakinsa siriri, ba zai haɗa waya biyu ba; mariƙinsa roba mai kauri. Ya ƙara mini da wani na gwada tartsatsi, wanda ake maƙala wa jikin inji.

A hanyar dawowa na ce ko mu ce wa Alhaji dama akwatin ya lalace.

Ya ce, "A'a. Kai za ka faɗa masa da bakinka. Ni dai ina gefenka."

Da ya dawo, na faɗa masa. Alhaji ya yi faɗa sosai, har masu burodi suka taru. Da ya sarara, Yaya ya miƙo mini sabon tastan, ya koma baya ya harɗe hannu. Ni na ɗaura akwatin, ni na gwada, na gano ashe kwayil lafiya lau yake, wata waya ce ta saki. Bugu ɗaya motar ta tashi. Bayan sati biyu Alhajin ya turo mini ƙaninsa da tasa motar.

Tun daga ranar ban sake ce masa Mai Littafi ba sai Yaya. Kuma har ya koma ga Allah ban ji ya ba kowa labarin nan ba. Ni nake tona kaina yau.

Da matata ta haihu ina asibiti, shi ya riƙe mini rumfa kwana uku. In aka kawo masa tuwo daga gida, sai ya ƙwalo kira daga tsallake: "Isa, wanko hannu!"

Watan jiya na je gaishe shi a gidan 'yarsa. Idonsa ya yi rauni ƙwarai. Nake ba shi labarin motocin yanzu, kowane fulogi da kwayil ɗinsa a ka, kuma akwai tastan da ɗora shi kawai ake yi a saman kwayil, ba a zare komai, ya nuna tartsatsin a allo. Na aro ɗaya a garejin ɗana don ya taɓa.

Ya ce taɓawa ba ta isa ba, sai an tada mota. Muka riƙo shi har wajen motar surukinsa. Yana lalube yana ɗorawa ɗaya bayan ɗaya, ni ina faɗa masa abin da allo ya nuna. Ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Ashe da sauran karatu. Bayan salla ka dawo da shi, ban gama fahimta ba."

Na ce to.

Waɗanda suka koyi aiki a hannunsa suna nan daga Agege har Kano, tun ɗazu suke kirana, kowa da nasa labarin. Hakan ya sanyaya mini zuciya.

Allah Ya jiƙan Yaya Dauda, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri a can yadda ya rufa wa mutane a nan. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, kafin ya wuce ya tsaya ya yi masa addu'a, ko da bai san shi ba. Zan ajiye wayar nan yanzu, an ce in zo mu yi masa wanka.