Zaren Da Ya Bi Hagu

Doña Herminda Millapán maƙwabciyata ce a garin Junín, shingen katako ne kawai tsakaninmu, shekara talatin da wani abu ke nan. 'Yar makiyayan tumaki ce daga can saman kogin Malleo. Tun tana ƙarama ta iya kaɗa ulu. Ta yi shekara ashirin da takwas tana girki a masaukin baƙi masu zuwa kamun kifi, tana share gashin tsuntsun da suke zubarwa a ƙarƙashin tebur, amma ba ta taɓa riƙe sandar fatsa ba.

Mijinta, Don Anselmo, shi ne mutumin kogi. Aikinsa raka baƙi inda kifin trucha yake. A nan da ƙudan ƙarya ake kama shi, wanda ake ɗaurawa da zare da gashin zakara a jikin ƙugiya. Anselmo yana da wata ɗabi'a, bai taɓa jefa ƙudan da wani ya ɗaura ba. Na kanti kuwa, kayan yaudarar baƙi yake ce musu.

Sai hannunsa ya fara rawa. Jifa yana yiwuwa, amma zare ya ƙi zama a yatsunsa. Shekara biyu yana amfani da ragowar ƙudajen da ke gwangwaninsa, har suka rage uku. Wata rana cikin sanyin Yuni, muna shan mate, shayin ganyen da aka saba sha a nan, a kicin ɗinsu, ya ce bana idan an buɗe kogi don kamun kifi ranar ɗaya ga Nuwamba, ba da shi ba.

"Ka saya mana, tsoho," in ji Herminda.

"In sayi ƙuda? Gara in sayi kifin gwangwani in huta."

Ta miƙo mini mate. Ni da ita mun ga maza irinsa da suka bar ruwa suka koma kujera kusa da murhu. Ba su cika daɗewa a kujerar ba.

'Yarsu da ke birnin Neuquén ta aiko musu da waya don ta riƙa ganinsu ranar Lahadi. A cikinta Herminda ta tarar da bidiyon wani mutum mai koyar da ɗaurin ƙuda. Turanci yake yi, fuskarsa ma ba a gani, hannaye ne kawai. Ta sa masa suna Don Yatsu, wato Malam Yatsu. Kullum da rana, idan Anselmo ya kwanta, sai ta shigo wurina da ƙarfensa na riƙe ƙugiya a ƙarƙashin mayafi. Ta jingina wayar da kwalbar sukari, ta zauna tana fuskantarta, ta kalla, ta tsayar, ta mayar baya.

Na farko da ta ɗaura, na ce mata ya yi kama da kazar da ta faɗa rijiya.

"Fermín, kai zuba ruwan zafi aka sa ka. Wa ya tambaye ka?"

Na ci gaba da zuba ruwa. Zakarana ne ya fi kowa shan wahala a sanyin nan, kafin Agusta wuyansa ya zama fili. Amma hannun da ya saba da mazari ba ya daɗewa bai gane zare ba. Ƙarshen Satumba ta zaɓi sha biyu masu kyau, ta cusa su cikin gwangwanin a tsakanin tsofaffin ukun, ko ya ɗauka nasa ne da ya manta.

Sai tsakiyar Oktoba ya buɗe. Ina nan. Ya sa tabarau, ya matsa bakin taga, ya daɗe yana juya ɗaya a tafin hannunsa.

"Wa ya taɓa mini gwangwani?"

"Naka ne. Tsufa ne ya sa ka manta."

"Nawa? Dubi inda zaren ya bi. Bahago ne ya ɗaura wannan, tsohuwa. Kuma tun da Ovidio ya rasu babu bahagon da ke ɗaura ƙuda a garin nan."

A lokacin na gane abin da ya faru. Ta yi wata huɗu tana fuskantar hannayen nan kamar mai duba madubi. Hannun daman Don Yatsu yana gefen hagunta, ita kuma ta bi shi yadda ta gani.

"Ni ce," in ji ta. "A waya na koya."

Na ɗauka rufe gwangwanin zai yi, har na fara neman hulata. Sai ya ce ta kunna masa ya gani. Ya kalli Don Yatsu tun daga farko har ƙarshe.

"Ya iya hannu," ya ce. "Amma kifinsa ba namu ba ne. Namu 'yar ƙaguwar ƙarƙashin dutse yake ci. Kina da ulu mai ruwan gansakuka?"

"Buhu guda. Sai ka juya mini hannun ya koma daidai."

"Bar shi yadda yake. Kifi bai san hagu ba."

Na ce, "Anselmo, ba kai ne ba ka jefa ƙudan wani ba?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Shekara arba'in da biyu ina cin girkinta, maƙwabci. Sha mate ɗinka."

Daga ranar ba ta sake shigowa da ƙarfen wurina ba. Ta shinge nake jin su. "Ja da ƙarfi." "Zai tsinke." "Na ce ja." "To, ga shi ya tsinke, gwani."

Ranar ɗaya ga Nuwamba da hantsi na gan su sun nufi kogin Chimehuin, shi da sanda a kafaɗa, ita da butar ruwan zafi da gwangwani. Ashe ƙulla ƙudan a bakin igiya ma ya fi ƙarfin yatsunsa, dole ta bi shi. Da la'asar suka dawo, siket ɗinta a jiƙe har gwiwa. Ban tambaya ko sun kama ba. Ita ce ta leƙo ta kan shinge, ta ce ko gashin wuyan zakaran nan ya fara tohowa.