Kalmomi Masu Wutsiya

Shekaranjiya ina kakkaɓe gafakar kakana, Allah Ya jiƙansa, sai wata 'yar takarda ta faɗo tana ƙanshin tsohuwar tawada. Da ajami aka rubuta ta, amma ba addu'a ba ce: direba, kwandasta, manaja, fakin, mitin. Na zauna ina dariya ni kaɗai.

Ina aji biyar lokacin da aka rubuta ta. Gidanmu a Fagge, makarantarmu a Sabon Gari. Ajami kam tun ina ƙarami na iya, Turanci ne ya gagare ni. Mahaifina ya ce in na sake faɗuwa, boko ya ƙare, sai zaman shago a kasuwar Singa. Jarrabawar kuwa a kan mayar da aikatau suna ce, yadda teach ke komawa teacher, meet ya koma meeting.

Malam, haka muke kiran kakan namu, bai taɓa karanta Turanci ba. Bayan la'asar ya tarar da ni a zaure na zumɓure baki. Na yi masa bayani, yana jan carbi.

"Ashe wutsiya suke sa wa kalma," in ji shi. "Mu hula muke sa mata: noma, manomi. Ɗauko mini takalmina."

Damina ce, an ɗauke ruwa ke nan. Muka taka har shataletalen Bata, ƙanshin gasasshiyar masara na bin mu. Can wani ya kwarma ihu: "Direba, gyara fakin mana!"

Malam ya damƙe hannuna. "Ka ji? Wutsiya biyu a numfashi ɗaya!"

Duk wadda muka tsinta sai ya rubuta, ni kuma in cire wutsiyar in faɗa masa asalin kalmar. Kafin magariba takarda ta cika. Ashe Turancin da nake tsoro a bakin 'yan kamasho yake yawo.

Da muka dawo, kakata na tuƙa tuwo. Kaina ya kumbura, na ce, "Iya, dafa abinci cook ne, ke kuma cooker!"

Ita kuwa kuka ta ji. Ta ɗaga muciya. "Ni ce kuka? To maigidan, yau ko miyar kukar ba ka sha!"

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

Haka na rubuta a jarrabawa. Malamarmu ta ce cooker ai risho ne, mai girki cook ne kawai, ba wutsiya. Wannan tambayar kaɗai na faɗi. Mahaifina ya daɗe yana duban sakamakon, sannan ya ce, "To, Singa ta jira."

Yau jikokina suna cewa cajin, lodin, catin, ba su ma san wutsiya suke ja ba. Ƙaramarsu ta leƙo takardar, ta ce jibi suna da jarrabawa.

"Kaka, wannan addu'ar mece ce?"

Na ce, "Ta cin Turanci ce. Ɗauko mini takalmina."